Tarihin Likita Louis-Victor Marcé da Bincikensa a kan Taɓin Hankalin Masu Jego

Duk gidan da aka yi haihuwa, hankalin jama'a a kan jariri yake. Shi ake ɗauka, shi ake dubawa a ga wanda ya ɗebo, shi ake sanya wa albarka. Ita kuwa maijego, in dai ta sauka lafiya, jini ya tsaya, nono ya kawo, sai a ɗauka magana ta ƙare. Amma akwai matan da a daidai wannan lokaci ne wahalarsu take somawa. Wata barci ya ƙaurace mata, ta yi ta kuka ba tare da ta san dalili ba, ta ji ko ganin abin da ta haifa ba ta so. Wata kuwa abin ya wuce nan, hankalinta ya gushe ɗungum cikin 'yan kwanaki, ta shiga sambatu, ta kasa gane mijinta, har a ji tsoron barin ta ita kaɗai da jaririn.

Likitocin yau sun san wannan lalura, kuma suna da hanyoyin magance ta. To amma ba wayar gari aka yi kurum aka tarar da wannan sani ba, wasu mutane ne suka sha wahalar tara shi. Wannan ɗan rubutu zai kawo tarihin ɗaya daga cikinsu, watau wani likita Bafaranshe mai suna Louis-Victor Marcé, wanda Faransawa ke furta sunansa Marse. Shekara 36 kacal ya yi a duniya, amma shi ne ya wallafa littafin da masana suka ɗauka tamkar harsashin wannan fanni.

Haihuwarsa da neman ilminsa

An haifi Marcé a birnin Faris ranar 3 ga watan Yuni na shekarar 1828. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, saboda haka ya tashi maraya a Nantes, wani birni na bakin kogin Loire a yammacin ƙasar Faransa. A can ya yi karatunsa, a can kuma ya soma koyon aikin likita, kafin ya koma Faris, inda manyan malaman wannan ilmi suke a wancan zamani. Ya yi shekarun koyon aiki a asibitocin birnin, sa'an nan ya sami digirinsa na likita a shekarar 1856. Abin lura a nan shi ne, kundin da ya rubuta don samun wannan digiri bai shafi hankali ba ko kaɗan, a kan wata cutar marainan maza ya yi shi. Ke nan horonsa na farko horon mai duba jiki ne, mai taɓawa da aunawa, kuma wannan ɗabi'a ba ta rabu da shi ba har bayan da ya koma ga masu taɓin hankali.

Komawar tasa ta faru ne ta hanyar wani gidan jinya da ke Ivry, a gefen Faris ta kudu. Gidan na masu hali ne, ana biyan kuɗi, kuma shahararren likitan nan Esquirol ne ya kafa shi. Sa'ad da Marcé ya shiga aiki a can, Esquirol ya riga ya rasu tun 1840, gidan yana hannun almajiransa biyu, Baillarger da Moreau de Tours. Dukansu manyan malamai ne. Baillarger shi ne wanda a 1854 ya bayyana cutar nan da ke kai mutum ga tsananin zabura, ta komo da shi ga tsananin baƙin ciki, ta sake mayar da shi. Moreau kuwa ya yi suna da littafinsa na 1845 a kan yadda tabar wiwi ke juya hankali. A tsakanin waɗannan dattawa biyu saurayin likitan ya zauna. Ya kuma auri 'yar Pelouze, wani babban masanin kimiyyar haɗa sinadarai wanda ya shugabanci hukumar buga kuɗin ƙasar. Maraya daga Nantes ya shiga gidan manya ke nan.

Halin da ya tarar

Kafin mu san girman abin da Marcé ya yi, tilas mu dubi abin da aka sani kafin zuwansa. Tun kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, likitocin Girka mabiya Hippocrates suka rubuta labarin matan da suka ruɗe bayan haihuwa. Bayanin da aka gada daga gare su, wanda ya daɗe ƙwarai a Turai, shi ne cewa wani ruwan jiki ne ya ɓata hanya. In jinin biƙi ya tsaya kafin lokacinsa, sai a ce ya hau kai. In nono ya ƙafe, sai a ce ya bi jijiya ya taru a ƙwaƙwalwa. Tunda kuwa an ɗauka wani abu ne ya taru inda bai kamata ba, maganin da hankali zai bayar shi ne a fitar da shi. Don haka ake tsaga jijiyar maijego a zubar da jini, ko a ɗora mata matsattsaku su tsotsa, a kuma ɗura mata maganin zawo. Mai karatu ya tuna fa, mace ce wadda ta riga ta zubar da jini wajen haihuwa.

A farkon ƙarni na 19 al'amura suka soma sakewa. Pinel da almajirinsa Esquirol suka dage a kan cewa mahaukaci majiyyaci ne, a duba shi kamar yadda ake duba kowane majiyyaci. A shekarar 1838 Faransa ta kafa dokar da ta wajabta wa kowane lardi tanadar wurin jinyar masu taɓin hankali, ta kuma shimfiɗa ƙa'idojin tsare mutum a can. Shi Esquirol har ƙidaya ya yi. Daga cikin mata 1,119 da aka kwantar a sashen masu taɓin hankali na asibitin Salpêtrière cikin shekara huɗu, ya tarar 92 ciwonsu ya tashi ne bayan haihuwa ko lokacin shayarwa, watau kusan mace ɗaya cikin kowace goma sha biyu. Ya kuma lura cewa akwai wasu da dama da ake ɓoyewa a gida, ba sa zuwa asibiti sam. A Ingila ma wani likitan mata mai suna Gooch ya yi rubutu a kan al'amarin. Amma duk waɗannan babi-babi ne da maƙaloli a warwatse. Ba wanda ya zauna ya bi mace tun daga ɗaukar ciki har zuwa yaye, ya tattara abin da aka gani wuri guda.

Littafin 1858

Wannan giɓi Marcé ya cike yana ɗan shekara 30. A 1858 ya fitar da littafi mai shafi wajen 400 a Faris, wanda ma'anar sunansa ita ce bayani a kan haukan mata masu ciki da masu jego da masu shayarwa, tare da abin da ya shafi shari'a a cikin lamarin. Sunan kansa ya nuna tsarin aikin. Ya raba rayuwar uwa kashi uku, ya tambayi kowane kashi tambayoyi iri ɗaya: yaushe ciwon yake tashi, da wace kama yake zuwa, wa ya fi kamawa, yaya yake ƙarewa. A cikin littafin ya kawo labarin majiyyata 79 ɗaya bayan ɗaya, da shekarun kowace, da yawan haihuwarta, da ranar da abin ya soma, da maganin da aka ba ta, da yadda ta kasance daga baya. Bugu da ƙari ya haɗa lissafinsa da na waɗanda suka gabace shi, ya sami mata 310. A cikinsu 27 ciwon ya same su ne suna da ciki, 180 a makwannin farko bayan haihuwa, 103 kuwa a lokacin shayarwa.

Waɗannan alƙaluma ba su da yawa in aka gwada su da binciken zamani, amma abin da suka nuna yana nan daram har yau, watau babu lokacin da ya kai kwanakin jego haɗari ga hankalin mace. Marcé bai tsaya nan ba, ya sake tsaga kwanakin jegon kansu. Ya ga akasarin matan ciwonsu ya tashi ne cikin kwana goma na farko, sa'an nan akwai wani rukuni da nasu yakan jinkirta sai wajen mako na shida, daidai lokacin da haila ke dawowa ga wadda ba ta shayarwa. Mako shida kuwa kwana 42 ne. Bahaushe zai ji wannan adadi bai zame masa baƙo ba, domin kusan shi ne arba'in ɗin da al'adarmu ta keɓe wa maijego, a sauke mata aikin gida, a sa wata dattijuwa ta zauna da ita, in haihuwar fari ce ma a mayar da ita gidan iyayenta. Al'ada ta gane cewa kwanakin nan na lallashi ne. Abin da Marcé ya ƙara shi ne nuna cewa ba jiki kaɗai ke cikin haɗari ba.

Ya kuma lura cewa kamar ciwon takan bambanta gwargwadon lokacin. Ga mai ciki, abin da ya fi yawa shi ne baƙin ciki mai nauyi, da tsoro, da ɗebe tsammani, har mace ta tabbatar wa kanta cewa ba za ta tashi daga wannan haihuwa ba. Ga sabuwar maijego kuwa zabura ta fi yawa, da rashin barci, da surutu ba kan gado, da fizge-fizge. Ita mai shayarwa ciwonta yakan shigo a hankali, bayan watanni na tsotso da rashin hutu da ƙarancin abinci, har jiki ya rame, jini ya yi ƙasa. A nan ya kamata a san cewa a Faransa ta wancan zamani shayarwa sana'a ce. Matan birni da yawa sukan miƙa jariransu ga matan ƙauye a shayar da su a biya, wasu matalautan kuma su bar nasu 'ya'yan a ƙauye su shigo birni su shayar da 'ya'yan masu kuɗi. Saboda haka a cikin masu shayarwar da likitocin Faris ke gani akwai matan da talauci ya mayar da nononsu abin sayarwa.

Wani abin da ya sa nake ganin girman mutumin nan shi ne yadda ya ƙi yi wa kansa ƙari. Wanda ya ɓata shekaru yana binciken cuta ɗaya, ransa zai so ya ce ya gano wata sabuwar cuta mai alamomin da ba a samu a ko'ina ba, don sunansa ya ɗaukaka. Likitocin da suka gabace shi sun yi irin wannan da'awa, wasu suka ce ana gane haukan jego da wani wari na musamman, wasu suka ce da batsar da majiyyaciya ke yi. Marcé ya bi waɗannan alamomi ya auna su, ya ce bai ga wadda ta keɓanta da masu jego ba, duk ana samunsu a wurin sauran masu taɓin hankali. Abin da ya keɓanta, a ganinsa, shi ne lokacin da ciwon ke tashi da kuma halin da jikin mace yake ciki a lokacin. Wannan muhawara ba ta mutu ba. Manyan littattafan rarrabe cututtukan hankali na zamaninmu sun bi kusan hanyarsa, suna lissafa ciwon a cikin sauran cututtukan damuwa da zabura, sa'an nan su ƙara bayanin cewa ya soma ne a lokacin ciki ko jego.

To mene ne ke haddasa shi? A nan ilmin zamaninsa ya gaza masa, amma bai cika giɓin da tatsuniya ba. Bai karɓi zancen nono ya hau kai ba. Ya lissafa abubuwan da ya ga suna share wa ciwon fage: gado daga iyaye, taɓa yin ciwon a baya, haihuwa a kai a kai wadda ke cinye ƙarfin mace, zubar jini mai yawa, wahalar naƙuda, da tashin hankali irin na tsoro ko baƙin ciki ko kunya. Bayan wannan ya ce lalle akwai wata alaƙa tsakanin mahaifa da ƙwaƙwalwa, ta yadda in ɗaya ta motsa ɗayar takan amsa, ko da yake bai san ta wace hanya ba. Sai a 1905, shekara 41 bayan rasuwarsa, aka raɗa wa sinadaran nan masu kai saƙo ta cikin jini suna homon. Yau an san cewa wasu daga cikinsu sukan hauhawa ƙwarai a lokacin ciki, su faɗo warwas cikin 'yan kwanaki bayan fitar mabiyiya. Marcé ya hango akwai hanya, bai dai ga abin da ke bin ta ba.

Wajen magani ma ya saɓa wa al'adar da ya tarar. Ya yi kashedi a kan zubar da jinin matan da suka riga suka galabaita, domin ya ga abin yana ƙara musu ciwo ne. Ya fi son a sa majiyyaciya cikin ruwa mai ɗumi ta daɗe a ciki don jikinta ya saki, a ba ta abin da zai sa ta barci, a ciyar da ita abinci mai gina jiki, a ba ta maganin ƙarin jini, in kuwa shayarwa ce ke cinye ta a yaye yaron ko a nemi mai shayar da shi. Ya kuma ba iyalai labari mai daɗi, wanda ƙididdigarsa ta goyi baya, cewa akasarin matan nan sukan warke, da yawa cikin 'yan watanni. Ga mijin da ya ga matarsa ta fita hayyacinta kwana biyar bayan ta haifa masa ɗa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai wata camfi kuma da ya yaƙa, wadda har likitoci suka yarda da ita a lokacin, cewa in mace tana da taɓin hankali, a yi mata aure ta sami ciki, haihuwa za ta warkar da ita. Tun kafin littafin ya fito Marcé ya bi labarin matan da suka yi ciki suna cikin ciwon, ya tarar waɗanda suka sami sauƙi 'yan kaɗan ne, sauran kuwa ko dai ba abin da ya sake, ko abin ya ƙara lalacewa. Saboda haka ya hana likitoci ba da wannan shawara. Wanda ya san yadda ake cewa a yi wa yarinya aure ta natsu zai gane cewa camfin ba na Faransawa kaɗai ba ne.

A gaban alƙali

Kashin ƙarshe na sunan littafin, watau abin da ya shafi shari'a, shi ne inda rai da mutunci suke a kan sikeli. Kotunan Faransa sukan sami mace mai ciki da aka kama da sata a kanti, lauyanta ya ce kwaɗayin ciki ne ya tilasta ta. Sukan kuma sami abin da ya fi wannan muni, watau uwar da ta kashe jaririnta, sau da yawa yarinya ce baiwar gida wadda ta ɓoye cikin shege ta haihu ita kaɗai cikin dare. Alƙali yana bukatar likita ya gaya masa ko matar tana cikin hankalinta. Marcé bai bi ɓangaren masu cewa duk mai ciki ba ta da alhakin abin da ta aikata ba, bai kuma bi na masu cewa duk wannan dabarar lauyoyi ce ba. Ra'ayinsa shi ne ciki shi kaɗai ba ya ɗauke wa mace hankali, amma akwai matan da ciwo na haƙiƙa ya kama, kuma aikin likita ne ya binciki kowace mace ita kaɗai, ya dubi tarihinta da na danginta da halinta kafin abin ya faru da bayansa. Matsayi ne mai wahala, domin ba ya ba kowa amsa a sauƙaƙe. Ingila sai a 1922 ta yi dokar da ta raba hukuncin irin wannan uwa da na mai kisan kai da gangan, ta kuma faɗaɗa ta a 1938 ta haɗa da shekarar farko ta rayuwar yaro.

Ba za a ce littafin ba shi da rauni ba. Matan da Marcé ya gani su ne waɗanda ciwonsu ya yi tsanani har aka kai su asibiti, irin abin da yau aka san yana samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu. Dubban da ke zaune a ɗaka suna kuka a ɓoye, suna dafa abinci suna wanki, ba su shiga lissafinsa sosai ba. Har ila yau a shekarar da littafin ya fito, manyan likitocin Faris suna ta gardama a majalisarsu a kan zazzaɓin jego, wanda ke kashe mata rututu a asibitocin haihuwa, ba a kuwa san ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi ba. Babu shakka wasu daga cikin matan da aka lissafa a masu taɓin hankali a wancan ƙarni zafin wannan zazzaɓi ne ya ruɗa su. Shi jariri kuma, da yadda ciwon uwa ke shafar tasowarsa, bai sami wuri mai yawa a littafin ba. Wannan sai a ƙarni na 20 aka waiwaye shi.

Sauran ayyukansa da rasuwarsa

Shekaru shida da suka rage masa ya cika su da aiki kamar wanda ake kora. A 1860 ya ci jarrabawar zama malami a makarantar likitoci ta Faris, aka kuma ba shi aikin likita a asibitocin gwamnati, har ya zauna a Bicêtre, babban asibitin maza, ga kuma aikinsa na Ivry bai bari ba. A wannan shekara aka buga wata gajeriyar maƙalarsa a kan 'yan mata masu tasowa da ke ƙin cin abinci har su rame su kusa mutuwa. Ya ce ciwon ba a cikinsu yake ba, a tunaninsu yake, kuma sai an raba yarinya da gidansu an ciyar da ita sannu a hankali kafin ta tsira. Shekara 13 bayan haka Gull a Landan da Lasègue a Faris suka bayyana cutar, aka jingina gano ta gare su, sai a 1989 wani likita Ba'amurke mai suna Silverman ya tono maƙalar Marcé ya nuna ya riga su. Ya yi rubutu a kan hankalin masu ciwon fizgar gaɓoɓi. A 1862 ya fitar da babban littafin koyar da cututtukan hankali gaba ɗaya. A 1863 ya yi bincike a kan gigin tsufa, yana buɗe ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da shi don ya ga abin da ya lalace. A 1864 kuma ya rubuta a kan yadda za a gane ciwon mutum daga rubutun hannunsa da wasiƙunsa.

Ranar 24 ga watan Agusta na 1864 Marcé ya rasu. Abokan aikinsa suka yi jawabai na yabo, suka ambaci ƙwazonsa da yadda ya gajiyar da kansa, suka kewaye sanadin mutuwar ba su faɗa ba. Likita Luys ya gaje shi a Ivry, aiki ya ci gaba.

Daga nan sunansa ya shiga dusashewa. A ƙarshen ƙarnin, Bajamushen nan Kraepelin ya sake tsara cututtukan hankali ya zuba su cikin manyan rukunai, haukan jego ya narke a cikinsu, ya daina zama abin da ake ware wa bincike. Likitan haihuwa yana ganin aikinsa ya ƙare da zarar an sallami mace, likitan hankali kuma ba ya shiga ɗakin haihuwa, sai matan suka faɗa tsakanin biyu. An yi kusan shekara 100 a haka. A 1962 wani likita a Amurka, James Hamilton, ya wallafa littafi a kan matsalolin hankali na bayan haihuwa, ya jawo hankalin mutane ga aikin Marcé. A 1968 Brice Pitt ya bi mata wajen 300 da suka haihu a wani asibitin Landan, ya tarar kimanin ɗaya cikin goma ta kamu da ciwon damuwa bayan haihuwa, irin wanda ba ya kai mace asibitin mahaukata amma yana hana ta jin daɗin rayuwa da na ɗanta. Waɗannan su ne matan ɗaka da Esquirol ya yi zargin akwai su, Marcé kuma bai kai gare su ba.

A 1980 wasu likitoci suka taru a Manchester ta Ingila, cikinsu har da Hamilton da Ian Brockington da Channi Kumar, suka kafa ƙungiyar duniya ta masu binciken lafiyar hankalin uwaye, suka sa mata sunan Marcé. Ƙungiyar tana nan, tana babban taro duk bayan shekara biyu. Daga cikin mutanenta ne John Cox, wanda ya taɓa yin bincike a kan mata masu ciki a Uganda, ya fito tare da abokan aikinsa biyu a 1987 da tambayoyi goma da aka sani da ma'aunin Edinburgh, waɗanda ungozoma ko ma'aikaciyar jinya za ta iya yi wa maijego cikin 'yan mintoci ta gane ko tana bukatar taimako. An fassara su cikin harsuna masu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu sukan sami wata lalurar hankali, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa kashi 20. A 2023 Amurka ta amince da ƙwayar magani ta farko da aka yi musamman domin damuwar bayan haihuwa, kuma an ƙera ta ne a kan kamannin wani sinadari da jiki ke samarwa daga homon ɗin ciki, watau ɗaya daga cikin 'yan saƙon nan tsakanin mahaifa da ƙwaƙwalwa da Marcé ya yi hasashe.

Sanadin rasuwarsa kuwa ya zauna a rufe har zuwa zamaninmu. Likitoci biyu Faransawa, Luauté da Lempérière, suka bi tsofaffin takardu da wasiƙu, suka wallafa tarihinsa a 2012, shekara 148 bayan binne shi. A nan suka tabbatar da abin da mutanen zamaninsa suka sani suka yi shiru a kai, cewa Marcé shi ya kashe kansa. Yana da shekara 36, yana zaune a tsakiyar manyan likitocin hankali na Faransa, biyu daga cikinsu ma gida ɗaya suke aiki da shi.